Dankalin Turawa a Zafin Sakkwato: Dalilin Tsironsa da Hanyoyin Jinkirta Shi

Dankalin Turawan da ake soyawa da ƙwai a gidajen Unguwar Rogo baƙo ne a Sakkwato. Yawancinsa daga tsaunukan Filato ake ɗauko shi, daga Bokkos da Mangu da Barikin Ladi, inda tudun ƙasa ya haura mita 1,200, inda dare ke da sanyi ko a tsakiyar bazara. Daga kasuwa irin ta Maikatako mota za ta ɗebo shi, ta ratsa Saminaka da Zariya, ta bi Funtuwa da Gusau da Talatar Mafara, tafiyar sama da kilomita 600, kafin a sauke shi a hannun 'yan gwari a kasuwannin birni irin su Kasuwar Daji. A nan sai ya tarar da garin da zafinsa ke wuce digiri 40 a watan Afrilu. Uwargida ta saya ta jibge a lungun kicin, bayan 'yan kwanaki ta duba ta tarar idanu sun fito da farin tsiro, wani ya yi laushi ya yanƙwane, wani ya zama kore, wani kuma ya fara tsiyayar ruwa yana ɗoyi.

Galibi mai gwari ake ɗora wa laifi, a ce ya haɗa da tsohon kaya. Wani lokaci haka ne. Amma ko dankalin da ba shi da aibu ko ɗaya, idan ya shigo ɗakin kwano a Sakkwato, kwanakinsa ƙidayayyu ne. Shawarwarin da ke yawo a wayoyi, na cewa a ajiye shi wata uku ko huɗu a wuri mai sanyi, an tsara su ne don ƙasashen da gidajensu ke da ɗakin ƙarƙashin ƙasa mai sanyin digiri 7 zuwa 10. Babu irin wannan ɗakin a Unguwar Rogo. A nan ba a hana dankali tsiro, sai dai a jinkirta shi, kuma rabin aikin a kasuwa ake yin sa tun kafin a biya kuɗi.

Abu ne mai rai

Dankalin Turawa ba saiwa ba ne. Kara ne da ya kumbura a cikin ƙasa ya tara abinci, kuma kowane ido da ke jikinsa toho ne da ke jiran lokacin fitowa. Shi ya sa manomin Bokkos ba ya neman ƙwayar iri, dankalin kansa yake binnewa. Bayan an tone shi ma yana ci gaba da numfashi, yana shaƙar iska, yana fitar da zafi da tururin ruwa. Kusan kashi 80 cikin ɗari na nauyinsa ruwa ne.

Da zarar an tone shi yakan shiga wani barci na halitta wanda ko an shuka shi ba zai fito ba. Tsawon barcin ya danganta da irin dankalin da kuma yanayi: daga makonni kaɗan zuwa wata biyu ko uku. Sanyi yana tsawaita shi, zafi yana datse shi. Irin da manoman Filato ke shukawa, kamar Nicola da Marabel da Diamant, kowanne da tsawon nasa barcin, amma mai saye a Sakkwato ba ya ganin sunan iri a jikin buhu, ba ya kuma sanin ranar da aka tone. Wanda ya sayi dankalin da ya yi wata biyu a rumbun manomi da shagon dillali ya sayi abin da galibi ya riga ya farka. In ba a firji ya ajiye shi ba, cikin mako guda zai iya ganin tsiro.

Idan tsiron ya fito, daga jikin dankalin yake ci yake sha. Sitacin da ke ciki yana narkewa ya koma sukari don ciyar da toho, ruwa kuma yana fita ta jikin tsiron fiye da yadda yake fita ta ɓawo. Wannan ne ke sa dankalin ya yi laushi, nauyinsa ya ragu, in an soya ya sha mai ya yi duhu.

Asalin halin nan daga gidansu ya taho da shi. A tsaunukan Andes, wajen tafkin Titikaka tsakanin Peru da Bolibiya, aka fara noma shi shekaru dubbai da suka wuce, a ƙasa mai tsananin sanyi. Turawan Sifaniya suka kai shi Turai a ƙarni na 16. A Najeriya kuwa Turawan mishan da masu haƙar kuza ne suka yaɗa shi a Filato, noman ya ƙara bunƙasa lokacin yaƙin duniya na biyu saboda ciyar da sojoji. Har yau cibiyar binciken dankalin ƙasar tana Kuru, kusa da Jos, ƙarƙashin cibiyar binciken amfanin gona masu saiwa ta Umudike.

Kowane lokaci da irin ɓarnarsa

Kuskuren da aka fi yi shi ne a ɗauka dabara ɗaya za ta yi aiki duk shekara. Sakkwato tana da yanayi uku da suka sha bamban, kuma kowanne ta inda yake kama dankali daban ne.

Da damina, daga Yuli zuwa Satumba, sabon dankalin Filato ke cika kasuwa, farashi ya faɗi, buhu ya yi araha. Wannan dankalin bai farka ba tukuna, don haka tsiro ba shi ne abin tsoro ba. Abin tsoron ruɓa ce. Sau da yawa ana tone shi kafin ɓawonsa ya yi ƙwari, har yatsa ma yana saluɓe shi. An tone shi cikin laka, fartanya ta sari wani, an cusa shi a buhu da danshinsa, ya kwana a mota cikin zafi. Ƙwayoyin cutar da ke narkar da dankali ba abin da suke so kamar rauni da danshi da rashin iska, kuma watan Agusta a Sakkwato yana ba su duka ukun. Hausawa na cewa wake ɗaya shi ke ɓata gari. Ruwan ruɓaɓɓen dankali guda ya isa ya harbi duk wanda ke kusa da shi cikin kwana biyu. Wanda ya sayi na damina da yawa, wajibi ne ya zazzage buhun a ranar, ya baza a inuwa mai iska har lakar ta bushe, ya ware masu rauni a fara ci da su.

Da hunturu, daga Disamba zuwa farkon Fabrairu, dare yana sauka ƙasa da digiri 20, wani lokaci har kusan 15. Shi ne lokacin da ya fi dacewa da ajiya a duk shekara. Sai dai iskar hunturu busasshiya ce ƙwarai, tana zuƙe ruwan duk abin da aka bari a buɗe, dankali ya yanƙwane ko bai yi tsiro ba. Akwai kuma tarko a farkon lokacin: wani dankalin da ke kasuwa a Nuwamba da Disamba ragowar na damina ne da aka ajiye ana jiran tsada, barcinsa ya ƙare. Sabon na noman rani sai wajen Janairu da Fabrairu yake yawaita, daga Filato da kuma fadamun Kano da Zariya inda ake noma shi cikin sanyin hunturu.

Da bazara kuwa, daga Maris zuwa Mayu, komai haɗuwa yake yi. Zafi yana tashin idanu, iska tana busar da jiki, kuma idan an toshe dankali a buhun leda cikin ɗaki mai zafi, numfashinsa yana ƙaruwa har iskar da ke shiga ba ta isarsa, tsakiyarsa ta mutu ta yi baƙi alhali waje yana nan lafiya. Azumin 2024 da na 2025 duk a cikin Maris aka fara su, lokacin da kusan kowane gida ke son dankali da ƙwai ko faten dankali a buɗa-baki. Maigida ya sayo kwando guda don ya kai ƙarshen wata, kafin goman ƙarshe ana zubar da wani kaso. Abin da aka rage a farashin sari ya tafi bola.

Zaɓi a kasuwa, wuri a gida

Mai saye yana da alamomin da zai duba. Dankali mai kyau yana da tauri, ba ya lotsawa in an matsa, yana da nauyi a hannu. A leƙa cikin idanun: idan an ga ɗan farin ƙullutu ya leƙo, ko tabon inda aka karya tsiro, ya riga ya farka. A guji mai kore, da mai sara, da mai ɗan rami da baƙin gari a baki, alamar tsutsar da ke haƙa hanya a ciki. A guji wanda aka wanke ya yi ƙyalli, da wanda ya wuni a faifai cikin rana. Tambaya ɗaya tana da amfani, kuma mai gwarin da ke son ciniki ya ɗore zai amsa ta da gaskiya: Malam, sabon tono ne ko na ajiya?

A gida abubuwa huɗu ake nema: duhu, iska, sanyi gwargwadon hali, da bushewar jiki. Kada a wanke sai za a dafa, ƙasar da ta bushe a jikinsa ba ta cutar da shi. A fitar da shi daga leda nan take. Kwandon kaba, ko kwalin da aka huda ta gefe, ko buhun algarara, duk suna barin iska ta ratsa. A ɗora mazubin a kan katako ko bulo, kada ya zauna kai tsaye a siminti, kuma kada tulin ya wuce hawa biyu ko uku. A rufe saman da takarda ko wani buhun algarara don tare haske.

Kicin shi ne wuri mafi muni, saboda zafin murhu da tururin tukunya. Haka ma sito mai rufin kwano wanda ba shi da silin, da jikin bangon da ranar yamma ke duka, da gefen firji inda injin ke fitar da zafi. Gidan da ke da tsohon ɗakin ƙasa ko soro yana da sa'a, domin katangar laka mai kauri ba ta saurin ɗaukar zafin rana. A gidan haya mai ɗaki da falo, ƙarƙashin gado a ɗakin da ya fi sanyi ya fi lungun kicin nesa ba kusa ba. Duk bayan kwana biyu ko uku a juya, a sansana, a fitar da wanda ya fara laushi.

Idan tsiro ya fara leƙowa, a murje shi da yatsa tun yana ƙarami. Wannan yana rage asarar ruwa, amma ba ya mayar da dankalin barci. Hasali ma, babban tohon da ke kai shi ne ke danne sauran, idan an karya shi sai idanun gefe su samu damar fitowa. Murje tsiro ƙarin kwanaki ne kawai, alama ce kuma ta a gaggauta ci.

Albasa, firji da randa

A Sakkwato batun albasa ba abin tsallakewa ba ne, domin ƙasar albasa ce, daga Goronyo da Wurno har Aliero ta jihar Kebbi, kuma a yawancin gidaje kwando ɗaya ake zuba ta da dankali. Buƙatunsu kishiyoyi ne. Albasa tana son busasshiyar iska, shi ya sa manoma ke jera ta a rudu inda iska ke kaɗawa ta ko'ina. Dankali kuwa yana son iska mai laima, kuma yana fitar da danshin da ke sa albasa ta ruɓe, ita kuma ruɓarta ta koma kansa. A raba musu wuri. Haka nan a nisanta shi da ayaba da mangwaro da tumatir masu nuna, saboda iskar etilin da suke fitarwa tana iya tashin dankali daga barci. Masu manyan rumbuna a Turai suna amfani da wannan iskar don danne tsiro, amma da awo suke sakinta ba yankewa. Jefa tuffa guda cikin kwando, kamar yadda ake yaɗawa, bai kai wannan ba.

Firji yana hana tsiro, babu shakka. Matsalarsa ita ce sanyin da ya yi ƙasa da digiri 6 ko 7 yana sa sitaci ya koma sukari, suya ta yi duhu da zaƙi-zaƙi. A 2002 masana a Suwidin suka gano cewa abinci mai sitaci da aka soya ko aka gasa da wuta mai ƙarfi yana samar da wani sinadari, akirilamaid, wanda ake zargin yana da alaƙa da ciwon daji, kuma yawan sukari yana ƙara shi. Saboda haka hukumar kula da ingancin abinci ta Birtaniya ta daɗe tana hana sa ɗanyen dankali a firji. A 'yan shekarun nan ta janye hanin, bayan bincike ya nuna bambancin bai taka kara ya karya ba a girkin gida. A Sakkwato abin dubawa daban ne: wuta. Firjin da ke yin sanyi da dare ya huce da rana yana sa dankali gumi, gumi kuma ruɓa yake jawowa. Mai sola ko tsayayyiyar wuta zai iya sa shi a aljihun kayan lambu cikin takarda. Ɗanyen dankali kuwa ba ya shiga firiza, yana narkewa zai zama ruwa-ruwa ya yi baƙi.

Akwai dabarar da ta yi suna a Arewa. Mohammed Bah Abba, malamin makaranta a Jigawa, ya samu kyautar Rolex a shekarar 2000 saboda yaɗa tukunya cikin tukunya: a sa ƙaramar tukunyar ƙasa cikin babba, a cika tsakaninsu da jiƙaƙƙen yashi, a rufe da jiƙaƙƙen ƙyalle. Ruwan da ke tashi daga yashin yana tafiya da zafi, kamar dai yadda randa ke sanyaya ruwan sha. Dabarar ta fi aiki inda iska ta bushe, wato bazara da hunturun Sakkwato. Ba za ta kai dankali digiri 10 ba, amma tana rage zafi sosai, tana hana yanƙwanewa. Sharaɗin shi ne cikin ƙaramar tukunyar ya zauna a bushe, a riƙa buɗewa iska na shiga. Da damina ba ta da amfani ga dankali, danshi kawai za ta ƙara.

Magungunan feshi fa? Shekaru da dama manyan rumbunan Turai da Amurka sun dogara da wani sinadari mai suna CIPC don hana tsiro. Tarayyar Turai ta ƙi sabunta izininsa a 2019, aka daina amfani da shi a 2020, masu rumbuna suka koma ga abubuwa irin su man na'ana'a da man ɓawon lemu, waɗanda ake turara su da na'ura a rufaffen wuri. Babu ɗaya a cikinsu da aka yi domin kicin. Shi kuwa maganin ƙwari irin su fiya-fiya, ba ya hana tsiro ko kaɗan, guba ce kawai za a zuba a abinci. Irin wannan sinadarin ne ya sa Tarayyar Turai ta hana shigar da waken Najeriya a 2015.

Wanda ya yi tsiro, a ci ko a zubar?

Dankalin Turawa danginsa ɗaya da tumatir da gauta da barkono, har da zaƙami. Yana kare kansa daga ƙwari da wasu sinadarai masu ɗaci, solanin da cakonin. A lafiyayyen dankali kaɗan ne, yawancinsu a ɓawo. Amma haske da rauni da tsufa suna ƙara su, kuma a jikin tsiro da kewayen ido suka fi taruwa. Koren launin kansa ba shi ne gubar ba, shaida ce dai cewa haske ya taɓa dankalin, hasken da ke kawo kore kuwa shi ke ƙara gubar. Iyakar da ƙasashe da yawa suka ɗauka ita ce miligiram 200 a kowane kilo. Tafasa da suya ba sa kashe ta, fera mai kauri ce ke rage ta.

Abin yana faruwa da gaske. Wani rahoton likitoci da aka wallafa a 1979 ya bayyana yadda ɗalibai 78 na wata makaranta a kudancin Landan suka kamu da amai da gudawa bayan cin dankalin da ya kwana a sito tun zangon karatun baya, 17 daga cikinsu aka kwantar a asibiti. A Amurka an janye wani iri mai suna Lenape daga kasuwa a 1970 saboda yawan wannan sinadari a jikinsa.

Hukuncin a gida ba shi da wuya. Idan dankalin yana da tauri, tsiron gajere ne, a ƙwaƙule idon har ciki, a fere da kauri, a yanke duk inda ya yi kore, a dafa. Idan ya yi laushi ya yanƙwane, ko tsiron ya yi tsawo, ko koren ya shiga cikin tsoka, a zubar. Idan an dafa aka ji ɗaci ko ƙaiƙayi a maƙogwaro, a bar cin nan take. Yara ƙanana sun fi saurin jigata saboda ƙarancin nauyinsu. Tsiron da koren ɓawon kuma kada a zuba wa awaki da tumaki. Wanda ya ga amai da murɗar ciki da jiri bayan cin irin wannan dankalin, asibiti ya kamata ya nufa.

Wannan duk bai shafi dankalin Hausa ba, wanda Sakkwatawa ke kira kudaku. Shi saiwa ne na gaske, daga wani dangi daban, ba ya ɗauke da solanin, har ganyensa ana ci. Firji ne ma ke lalata shi, domin ba ya jure sanyin da ya yi ƙasa da digiri 12.

Idan araha ta zo

Wanda ya samu dankali da yawa a farashi mai sauƙi yana da mafita da ta fi ajiye shi ɗanye. Mutanen Andes tun zamanin da suke busar da nasu da sanyin dare da ranar tsauni, ya yi shekaru bai lalace ba. Sakkwato ba ta da ƙanƙara, amma tana da ranar da ke busar da kilishi da kuɓewa da kauɗar tumatir. A fere, a yanka siri-siri, a tsoma a tafasasshen ruwa na 'yan mintuna don kada ya yi baƙi, a shanya a kan tsaftataccen faifai ko raga har ya bushe ƙayau yana karyewa, a adana a mazubi mai murfi. In an tashi amfani a jiƙa a zuba a fate ko miya, ko a niƙa ya zama gari. Mai tsayayyiyar wuta kuma zai iya yi masa rabin dahuwa, ya tsane, ya sa a firiza.

Ga sauran gidaje, lissafin a bayyane yake. Da hunturu, sabon dankali mai ƙwarin ɓawo zai iya kai makonni uku ko huɗu a wuri mai duhu da iska. Da damina a sayi na mako biyu a riƙa dubawa. Daga Maris zuwa saukar ruwan farko kuwa, kada sayayya ta wuce ta mako guda, ko da kuwa azumi ne. Maƙwabta uku ko huɗu a Unguwar Rogo za su iya haɗa kuɗi su sayi kwando ɗaya a farashin sari su raba a ranar, kowa ya cinye nasa kafin idanu su buɗe.